Tantan Mai Yatsu A Gagarawa Tasha: Wa Zai Rubuta Wa Makanikinmu Lissafinsa Da Hausa?

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na je gaishe da kawuna a Gagarawa Tasha, garin da duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gumel zai ratsa bayan ya wuce Gujungu. Rabin sunan garin ma aro ne, domin kalmar "tasha" daga Ingilishi ta shigo mana, garin kuma yana kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, lokacin da gyaɗa ke da daraja. Niyyata in kwana biyu in juyo, amma abin da na tarar a bayan gidan Kawu ya riƙe ni har mako guda.

Kawu makaniki ne kuma mai walda, ya haura shekara sittin, karatunsa na allo ne sai ɗan yaƙi da jahilci. Yana da tsohuwar tantan ƙirar Massey Ferguson wadda yake yi wa manoma huɗa da ita a kan kuɗi. Kowa ya san damina a wannan yanki na masarautar Gumel gajera ce, ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, saboda haka motar da aka zuba wa dukiya sai ta yi mafi yawan shekara tana kwance a inuwar darbejiya, awaki na kwana a ƙarƙashinta. A lokacin da take kwancen nan kuwa ake hada-hadar riɗi da zoɓo, amfanin da 'yan kasuwa ke tarawa daga Sule Tankarkar da Maigatari da ƙauyukan bakin iyaka, a kai riɗin har Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuma har Meziko. Wata rana Kawu ya kai kaya wani kamfani a Kano, ya ga injin nan mai yatsu biyu na ƙarfe da ke zura su a ƙarƙashin kaya ya ɗaga sama ya ɗora a kan tirela. Ya tambayi kuɗinsa, aka gaya masa, ya yi dariya ya dawo gida, ya ce tantan ɗinsa za ta yi wannan aiki.

Mai karatu zai iya ɗauka wannan ganganci ne irin na mutanenmu. To amma a 1958 wani Bafaranshe, Marcel Braud, a garin Ancenis, ya ɗauki motar noma ya juya tsarinta, gaba ya koma baya, ya kafa mata turakun ɗaga kaya, kuma daga nan aka samu injin Manitou da ake gani a wuraren gine-gine a duniya. Kawu bai taɓa jin sunan Braud ba. Hankali ne ya kai su wuri guda, wato manyan tayoyin tantan suna baya, su ne za su iya jure nauyi, don haka a bayan ya kamata yatsun su zauna.

Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne hannaye uku da ke bayan kowace tantan, biyu a ƙasa ɗaya a sama, waɗanda ake maƙala garma a jikinsu, ƙirar da Harry Ferguson ya yi wa rajista tun 1926. Sai dai ɗagawarsu ba ta kai tsayin bayan tirela, domin an yi su ne don su tsame garma daga ƙasa kawai. Don haka Kawu ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo dogayen ƙarafa na gindin tsohuwar babbar mota, ya tsayar da biyu kamar dogaran ƙofa, ya sa wasu biyu suna zamewa a cikinsu. Ya samo silindar da ke ɗaga bayan tifa ya kafa a tsakiya, ya ja mata mai daga famfon tantan ɗin, sannan ya ratayo sarƙa ta bisa wani gargare da ke kan silindar. Hikimar sarƙar ita ce, ƙarshenta ɗaya a ɗaure yake a ƙasa, ɗayan yana riƙe da yatsun, saboda haka in silinda ta miƙe mita 1, kaya sun hau mita 2. Da na nuna mamaki sai ya ce, "Ɗana, ai guga ne da kwarkwaro, sai dai wannan sama yake ja." Yaran garejin sun raɗa wa motar suna Raƙumi, wai don tana durƙusawa a ɗora mata kaya sannan ta miƙe.

Ranar gwajin farko ba na nan, labari aka ba ni, amma na ga shaidarsa a hannun wani yaro da har lokacin yake ɗaure da karan ɗori. An jera buhu 16 a kan dandamalin katako, aka ɗaga su har ƙarshen turaku, direba ya ja da baya a cikin rairayi zai nufi tirela. Taya ɗaya ta ɗan nutse, gaban tantan ya tashi sama, sitiyari ya daina jin magana, buhuna suka zubo. Yaron da ke tsaye a kan tirelar ya yi tsalle ya faɗi a kan hannunsa. Allah Ya taƙaita, domin da a ƙasa yake tsaye da yanzu wani zancen ake yi.

A nan ne sana'ata ta shigo. Da dare muna zaune a ƙofar gida na ce, "Kawu, me ya jawo wannan? Nauyi ne ya yi yawa?" Ya girgiza kai ya ce, "Ba nauyi ba ne, Malam, rinjaye ne." Ya kawo misalin ɗan ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa: garwa biyu nauyinsu ɗaya, amma in ya matsar da kafaɗarsa kusa da guda, ɗayar sai ta ja shi ƙasa. Tayoyin baya su ne kafaɗar, injin da ke gaba garwa ɗaya, kayan da ke baya garwa ta biyu. Na yi shiru, domin abin da ya faɗa shi ne abin da ake koya wa ɗalibin injiniya a shekararsa ta farko da Ingilishi, nauyi sau nisa, kuma kalmar da ya zaɓa ta fi duk wadda ni mai digiri na uku a kimiyyar harshe zan iya ƙirƙira a ofis. Mun san rinjaye a sikeli, mun san shi a zaɓe, ga shi ya zauna daram a kan ƙarfe.

Abin da Kawu ya rasa shi ne adadi. Ya san nisa na ƙara rinjaye, amma bai san da nawa ba. Na ɗauko takarda muka yi tare. Buhu 10 masu kilo 50 kowanne, kilo 500 ke nan. In tsakiyar kayan tana mita 1 daga tayoyin baya, rinjayensu 500. In ta matsa zuwa mita ɗaya da rabi, ya zama 750, tamkar an ƙara buhu 5 alhali ba a ƙara ko tiya guda ba. Su kansu turakun da ya ƙera suna da nasu nauyin da ke cin wani kaso tun kafin a ɗora komai. Bugu da ƙari, ƙa'idar da masana injinan noma ke bayarwa ita ce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tantan ya tabbata a kan tayoyin gaba, in ba haka ba sitiyari ba shi da amfani. Wannan duka ba ya wuce shafi biyu. Sai dai shafukan biyun suna cikin littattafan Ingilishi a ɗakunan karatu, mai buƙatarsu kuma yana Gagarawa da na'urar walda a hannu.

Dole in faɗi gaskiya a kanmu, mu malaman harshe. A 1990 an buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aiki mai kyau ƙwarai, amma fagensa harshe ne da adabi da dabarun koyarwa. Wato mun fara da yi wa kanmu kalmomi, ni kuma a shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa tura ɗalibi ko ɗaya gareji ba. A can kuwa makanikai sun daɗe da gama nasu aikin ba tare da taron ƙara wa juna sani ba: birki, giya, kuloci, lagireto, salansa, bawul, duk sun lanƙwasa su sun bi harshen Hausa. Sunayen sassa ba su ne matsala ba, su ana iya aronsu. Abin da ba a rubuta ba shi ne dalilai, wato me ya sa kayan da ke sama suka fi na ƙasa saurin kifar da mota, me ya sa waldar da ta riƙe ƙofar gida ba lallai ta riƙe yatsan da ke ɗauke da rabin tan ba. Muna da kwalejojin fasaha a Kazaure da Haɗeja, muna da cibiyar injinan noma ta ƙasa a Ilorin, a Kaduna kuma an ga yadda kwalejin fasaha ta jawo masu sana'ar Panteka a jika. Injiniya ɗaya da malamin Hausa ɗaya da makaniki ɗaya sun isa su fitar da ɗan littafin da za a karanta a rediyo.

Akwai kuma maganar 'yan dako, waɗanda lodi ne abincinsu a kaka. Na tayar da ita, Kawu ya ce Raƙumi ba ya jera buhu a dandamali, ba ya kuma shirya shi a cikin tirela, hawa tsani da buhu a ka kawai ya ɗauke musu. Ban gamsu gaba ɗaya ba, domin inda mutum goma ke aiki yanzu biyar za su isa.

Kafin in taho, Kawu ya riga ya ɗaure tsohon gangar injin da ya cika da kankare a gaban tantan ɗin. Muka auna, muka gwada da buhunan yashi a fili ba kowa kusa, muka tsaya a kan buhu 8. Ya yanko farantin ƙarfe, na rubuta da boko, shi ya rubuta da ajami, yaro ya bi da fenti: kada a wuce buhu 8, kada a yi tafiya kaya na sama, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi. Saura bawul ɗin da ke riƙe kaya in tiyon mai ya fashe, wanda na nace masa a kai har ya fara jin haushina. Ya ce zai sayo a Kano in ya sayar da riɗinsa, ni kuma na ce kuɗin yana wuyana, na bar su a hannun matarsa.