WAYAR MITA TA LALACE: WA ZAI GYARA?

A yawon da muke yi cikin ƙungiyoyin gama kai na ikilisiyoyi, sau da yawa mukan ɗaga kai mu ga wayar da ta taso daga turken lantarki zuwa mita ta tsufa, robarta ta tsattsage, ƙarfen ciki yana waje. In muka tambaya, mai gida ya ce ta 'yan NEPA ce, ɗan haya ya ce ta mai gida ce. Wayar kuwa tana nan tana gogar bakin kwano.

NEPA dai babu ita yanzu. An kafa ta a 1972, ta zama PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11. Na Jos shi ke kula da Filato, Bauci, Gombe da Binuwai. Na Yola kuwa Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Sunan kamfaninku yana kan takardar biyan kuɗi.

To, 'yan'uwa, mita ita ce kan iyaka, kamar dutsen da ke tsakanin gona da gona. Daga mita zuwa cikin ɗakuna aikin mai gida ne. Idan gidan haya ne, ɗan haya ya faɗa wa mai gidan tun da wuri. Idan gidan fasto ne ko ɗakin injin niƙa, kwamitin ikilisiya ko na ƙungiya ke da nauyin. A kira ma'aikacin lantarki mai takardar shaida, ba yaron da ya iya gyaran rediyo ba.

Daga turke zuwa mita kuwa, nan ne gardama take. Mutane da yawa su suka sayi wayar da kuɗinsu ranar da aka ja musu wuta, don haka suna ganin suna da ikon taɓa ta. Lalle wannan kuskure ne mai kisa. Wannan waya tana gaban makunnin gida, watau ko kun kashe komai a ciki, ita tana da wuta. Ma'aikatan kamfani ne kaɗai za su yanke ta daga turke. Banda haka, wanda ya ɓalle hatimin mita ko ya kwance wayarta, ana iya tuhumarsa da satar wuta, ko da gyara ya nufa.

Me ke lalata ta? Rana takan gasa roba har ta bushe, iskar hunturu ta yi ta kaɗa wayar a bakin kwano har ta yanke robar. Wani lokaci kuma an murɗa wayar alminiyam da ta jan ƙarfe wuri ɗaya. Waɗannan biyu ba su jituwa, musamman in danshi ya shiga: mahaɗin ya ci, ya saki, ya riƙa zafi. Da damina ta sauka, kwanon gida da igiyar shanya ta ƙarfe suna iya ɗaukar wuta, mata da yara kuwa su ke taɓa su da jiƙaƙƙen hannu. Da rani kuma tartsatsi ɗaya ya isa, gama kara da harawa da rumbu duk suna nan kusa. Alamun su ne warin ƙonewar roba, baƙi a bango kusa da mita, da fitila mai ƙyafce-ƙyafce in iska ta taso.

Shawararmu ita ce a kai ƙara a rubuce, gama maganar baka a bakin hanya ba ta da shaida. Magatakardan ƙungiya ya rubuta wa sashen ƙorafi na kamfani, ya sa lambar mita da kwanan wata, ya riƙe kwafi mai hatimin ofis. Bisa ƙa'idar hukumar NERC, kamfani yana da kwanakin aiki 15 ya amsa ƙorafi. In bai yi ba, a kai ga ofishin hukumar, ko ga hukumar jiha inda jiha ta karɓi wannan aiki. Hukumar ta kuma bayyana cewa sayen turke ko taransifoma ba nauyin jama'a ba ne. In an ce ku kawo kuɗin sabuwar waya, ku nemi a rubuta muku dalili, a ba ku rasit.

Kafin su zo, a kwance igiyar shanya daga jikin kwano, a janye harawa nesa da bangon mita, a kuma hana yara hawa rufin.