Kafin Labarina: Finafinan farko da suka gina sunan Aminu Saira

Matasa da yawa a Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi sun san Malam Aminu Saira ne ta shirin Labarina, wanda ya fara fita a 2020 a tashar Arewa24 da YouTube. Amma tun fiye da shekara goma kafin nan masu harkar fim a Titin Gidan Zoo suka san hannunsa.

An haifi Aminu Muhammad Ahmad a unguwar Gwammaja a 1979, ya kuma yi karatu a Kwalejin Shari'a da Addinin Musulunci ta Aminu Kano. Ya yi tashe ne a lokacin da Kannywood ke cikin tsaka mai wuya. Daga 2007 Hukumar Tace Finafinai ta Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsaurara dokoki, har wasu 'yan fim suka koma aiki a Kaduna. Rawa da waƙa, waɗanda a da su ke sayar da kaset, suka zama abin tuhuma.

A wannan yanayi Jamila da Jamilu ya fito a 2009, sai Ga Duhu Ga Haske a 2010. Duk wanda ya sake kallonsu yau zai ga alamomin da suka bi shi har zuwa Labarina. Labari ne ke jan fim, waƙa tana biye. Yana barin 'yan wasa su yi magana a natse, kyamara ta tsaya a kan fuska har sai mai kallo ya karanci abin da ke zuci. Daga baya karatunsa na addini ya bayyana ƙarara a fim ɗin Ashabul Kahfi.

Matsalar ita ce waɗannan ayyuka a faifan CD suka fito, kasuwar faifan kuma ta durƙushe tun da satar fasaha da tura fim a waya suka yi mata illa. Abin da ake samu a intanet sau da yawa kwafi ne mai dishi-dishi, wani ma a yanke.

Idan kamfanoni da hukumar tacewa ba su adana ainihin kwafin waɗannan finafinai ba, matashin da ke son koyon ba da umarni zai ga inda Saira ya kai, amma ba zai ga hanyar da ya bi ba.