Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A Nima da Maamobi, cikin birnin Ankara, akwai gidaje da yawa inda mutum ɗaya ke renon yara. Galibi uwa ce. Wata mijinta ya rasu, wata an sake ta, wata kuma maigida ya tafi neman kuɗi Libiya ko Turai, shiru ba aike. Akwai kuma uba ko kaka da aka bar wa yara. Wannan ba abin kunya ba ne, amma kaya ne mai nauyi.

Yadda gidan yake tafiya

Uwa takan tashi tun kafin asuba ta dama koko ko ta dafa wake da shinkafa na sayarwa. Daga cinikin ranar ake ci, ake sayen ruwa, ake tara kuɗin ɗaki, wanda masu gida sukan nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Idan ta fita, babbar 'yarta ce ke goyon ƙanne.

Ga inda haɗarin yake: ranar da uwa ta kwanta ciwo, ba ciniki, ba tuwo, ba mai kai yaro asibiti. Shi ya sa takan daure wa ciwo, ta sayi ƙwaya a kanti, har cuta ta yi nisa.

Abin da za ki yi

1. Ki yi wa kanki da yaranki katin inshorar lafiya, wato NHIS. Yaran da ba su kai shekara 18 ba kuɗin rajista kaɗan kawai ake biya musu. Tun 2008 mai ciki ba ta biyan kuɗin shiga. Ana sabunta kati ta waya da lambar *929#.

2. Ki riƙa zuwa awon jini. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba alama. Yawan tunani da rashin barci ma ciwo ne, ki gaya wa nas.

3. Kada ki bari ciniki ya hana awon yara da allurar rigakafi. Yaron da ke numfashi da sauri, ko jijjiga, ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti nan take, ko da dare ne.

4. Tun kina lafiya ki zaɓi mutum ɗaya amintacce wanda ya san inda katunan yara suke, wanda zai riƙe su idan an kwantar da ke.

5. Ki bar 'yarki ta je makaranta. Ita ma yarinya ce.

Hakkin yaro a kan uba

Dokar yara ta Gana ta 1998 ta ɗora wa uwa da uba ci da sha, magani, karatu da wurin kwanan ɗansu, ko da aure ya mutu, ko ba a taɓa ɗaura shi ba. Idan uba ya ƙi, a fara da manyan dangi da limami ko fasto. In abin ya gagara, a je ofishin jin daɗin jama'a, daga nan sai kotun iyali.

Ga maƙwabta da 'yan'uwa masu bi

Kada ku jira sai ta roƙa, domin kunya takan rufe baki. Ku riƙe mata yaro ranar asibiti. Ku sa ta cikin adashi. Ku leƙa ta idan kwana biyu ba ku ga hayaƙin murhunta ba. Uban da ke reno shi kaɗai, shi ma ku leƙa shi.