Kuntigin Gwangwani da Yatsun Yaranmu

Bayan girbi, yaran ƙauyukan Dambatta kan rufe gwangwanin kifi da fatar akuya, su haɗa kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos. Wurin haɗarin shi ne huda 'yar kafar da sauti ke fita. Fatar ta bushe ta yi tauri, reza ta zame, sai yatsa. Makon jiya ma na ɗinke na wani yaro a asibitinmu.

'Yar'uwa, kada ki hana shi wasansa. Ki sa babba ya huda masa kafar. In ya yanke, a wanke da ruwa da sabulu, ban da toka ko ƙasa, a kai shi asibiti ranar don allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

Ke fa, yaya kike yi da naki?