Matse Bidiyo da Muhimmancinsa ga Ƙaramin Mai Shirya Fim

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin Hausa ya kasance sana'ar mai ƙaramin jari. Irin wannan mai sana'a, bayan ya gama ɗauka da tacewa, yana da sauran matsala guda, wato yadda zai rage nauyin aikinsa har ya isa ga mai kallo. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake matse bidiyo, da manhajojin da ake yin sa da su, da kuma hasarar da ke tattare da shi.

2.0 Dalilin Matsewa

Bidiyo jerin hotuna ne masu wucewa da sauri, galibi 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane hoto kuwa tarin ɗigo-ɗigo ne. Hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana cin kimanin megabait 6 idan ba a taɓa shi ba. Ke nan daƙiƙa ɗaya ta haura megabait 150, fim na minti 90 kuma ya zarce gigabait 800. Ba kowace waya ce za ta ɗauki wannan kaya ba, balle a yi maganar kuɗin data.

3.0 Yadda Ake Matsewa

Dabaru uku ne ginshiƙan aikin. Ta farko, idan ɗigogi maƙwabta sun yi kama da juna, kamar na bangon ɗaki, sai a taƙaita bayaninsu a dunƙule. Ta biyu, hotunan da ke bin juna ba su cika bambanta ba, don haka akan ajiye cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma a rubuta abin da ya motsa kawai. Ta uku, idon ɗan Adam ya fi kula da haske da duhu a kan launi, saboda haka akan rage bayanin launi ba tare da mai kallo ya farga ba.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa fitowar mutum biyu suna hira a zaure take matsuwa cikin sauƙi, amma fitowar rawa da waƙa take wahala. A cikin rawa kowa yana motsi, kyamara tana yawo, ga zanen atamfa mai ƙananan fure. Idan aka matsa da yawa, a nan ne hoto yake fara dagargajewa ya koma murabba'i-murabba'i. Haka abin yake ga ƙura da ruwan sama da fitowar dare.

4.0 Ƙa'idoji da Manhajoji

Faifan VCD, wanda ya daɗe yana tashe a kasuwar finafinan Hausa, ya dogara ne ga ƙa'idar MPEG-1, da hoto mai ɗigo 352 da 288 kacal. DVD ya zo da MPEG-2. A 2003 aka fitar da H.264, wadda kusan kowace waya take iya buɗewa. H.265 ta biyo baya a 2013, sai AV1 a 2018. Waɗannan biyun sun fi rage nauyi, sai dai suna wahalar da ƙaramar kwamfuta, kuma tsofaffin wayoyi kan gaza kunna su.

Manhajoji biyu na kyauta sun wadatar da mai ƙaramin ƙarfi. FFmpeg, wadda Fabrice Bellard na ƙasar Faransa ya fara a 2000, da rubutaccen umurni ake sarrafa ta. HandBrake, wadda ta fito a 2003, ta fi sauƙi ga ɗan koyo, domin zaɓi kawai ake yi a danna.

5.0 Abin Lura

Matsewa tamkar shanya tumatir ce. Kauɗa tana da sauƙin ɗauka, tana kuma yin miya, amma ko an jiƙa ta ba za ta koma ɗanya ba. Abin da manhaja ta zubar ya tafi ke nan. Idan aka sake matse abin da aka riga aka matse, hasara kan hasara ake yi. YouTube yana sake matse duk abin da aka ɗora masa, haka ma WhatsApp ga bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba.

6.0 Kammalawa

Bisa ga bayanan da suka gabata, wajibi ne mai shirya fim ya ajiye uwar aikinsa mai cikakken inganci a wurare biyu, ya riƙa ciro kowane kwafi daga gare ta kai tsaye. Kuɗin ma'ajiya kuwa a sa shi cikin kasafi tun farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Fim ɗin da kwafin VCD ɗinsa kaɗai ya rage, da wannan dusasshen hoto manazartan gobe za su san shi.