Kalmar da ke da zafi a cikinta

Yau shirin namu zai leƙa Koriya ta Kudu, inda tun 1997 yara ke fara Turanci daga aji uku na firamare. Ba wasa suke da shi ba. Ranar jarrabawar shiga jami'a ta Suneung, a watan Nuwamba, har tashi da saukar jiragen sama ake tsayarwa na kimanin minti 35, don kada ƙararsu ta hana ɗalibai jin gwajin sauraro.

Kalma guda muka ɗauko daga cikin waɗanda suke haddacewa: enthusiasm.

Wahalar farko a baki take. Harshen Koriya ba shi da sautin nan da ake sa tsinin harshe tsakanin haƙora, ba shi kuma da z. Sai ɗalibi ya mai da na farkon s, na biyun j. Za ka ga yaro riƙe da madubi yana leƙen harshensa, yana maimaitawa har muƙamuƙinsa ya gaji. Mu ma da muka koyi Turanci a aji mun san wannan gwagwarmayar.

Amma daɗin yana wajen ma'ana. Bakoriye zai fassara ta da yeoljeong, gaɓa biyu masu asali daga rubutun Sin: yeol zafi, jeong abin da ke cikin zuciya. Wato himma a wurinsu zafi ce. Ita kuwa ta Turancin daga Girka ta fito, daga entheos, mutumin da abin bautarsu ya shiga jikinsa, kamar a ce iska ta hau shi. Shi ya sa a Ingila ta daɗe tana matsayin zargi. A 1700 masanin falsafa John Locke ya ƙara babi guda a wani littafinsa yana sukar masu ita, masu ganin wahayi ake yi musu. Daga baya ne ta zama yabo.

Koriyawa ma sun ga yadda ake cin zarafin tasu kalmar. Akwai abin da suke kira albashin yeoljeong: a ɗauki matashi aiki, a biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, a ce ai son aikin ya ishe shi. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka lulluɓe shi.

Mai sauraro, in ka tashi koyon kalmar nan, kada ka tsaya ga hadda. Tambayi kanka ko himma ce, ko ɗoki, ko zumuɗi, ka sa ta a jimla yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.