Bakin Layi da Idon Direba: Haɗarin da Rashin Hange Ke Haifarwa

A duk inda ƙaramin layi ya haɗu da babban titi, direban da ke son fitowa yana fuskantar hukunci guda wanda dole ya yanke cikin daƙiƙoƙi kaɗan, wato ko tazarar da ke tsakaninsa da motar da ke tafe za ta ishe shi ya shiga ko ba za ta isa ba. Wannan hukunci ya dogara ne kacokan a kan abin da idonsa ya iya hangowa, kuma a manyan garuruwa irin su Kano, Kaduna da Zariya, sau da yawa abin da yake hangowa bai kai abin da yake bukata ba. Idan haɗari ya auku, baki yakan zo ɗaya a kan cewa ganganci ne ko rashin haƙuri, alhali sau da yawa tun kafin direban ya iso wurin an riga an toshe masa gani.

Injiniyoyin hanya suna da ma'auni na wannan al'amari, wanda za a iya kira alwatikar hange. Alwatika ita ce siffa mai kusurwa uku, kuma a nan kusurwa ta farko ita ce idon direban da ya tsaya a bakin layi, ta biyu ita ce wurin da zai shiga titin, ta uku kuwa ita ce motar da ke tahowa daga nesa. Ƙa'idar ita ce kada a bar wani abu mai tsayi a cikin wannan fili, domin idon mai tuƙa ƙaramar mota bai wuce mita 1 da 'yan kai daga ƙasa ba, saboda haka ko katangar da ta tsaya wa mutum a ƙirji ta isa ta rufe masa titi gaba ɗaya.

Lissafin tsawon filin ba mai wahala ba ne. Iyakar gudun da dokar hanya ta Najeriya ta yarda da shi a cikin gari shi ne kilomita 50 a awa, wanda ya yi daidai da kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Littafin tsara hanyoyi na ƙungiyar AASHTO ta Amurka, wanda injiniyoyi a ƙasashe da dama ke dogaro da shi, ya ƙiyasta cewa ƙaramar motar da ta tsaya cak tana bukatar daƙiƙa 7.5 kafin ta ratsa ta juya hagu, babbar tirela kuwa 11.5. Ma'anar haka ita ce mai ƙaramar mota yana bukatar hango kimanin mita 105 na titin, wato tsawon filin ƙwallo guda. Shi ma wanda ke kan babban titin ba shi da ikon tsayawa nan take, domin daga lokacin da ya hango abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, ma'aunin ya ba shi daƙiƙa 2.5, kuma a cikinsu motar ta riga ta cinye mita 35. Kafin ta tsaya gaba ɗaya sai ta kai mita 65. Idan gudun ya tashi zuwa kilomita 80, nisan tsayawar yakan ninka ya kai mita 130.

Tun daga ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da ta fi kusa da mai fitowa daga layi tana zuwa ne daga hagunsa, saboda haka kusurwar hagu ta bakin layi ita ce mafi muhimmanci. Abin takaici shi ne wannan kusurwa ita ce kasuwa ta fi so. A nan ake ajiye kwantenar sayar da kati, a nan mai shayi ke kafa teburinsa, a nan mai faci ke tara tayoyi, kuma a nan ake kafa allon talla mai faɗi wanda ƙasansa ya yi daidai da gilashin mota. Bayan da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, a daidaita sahu suka cike gurbin, kuma da yake fasinja daga cikin layi yake fitowa, bakin layin ya zama tasha. Babura masu ƙafa uku guda biyu ko uku da suka jeru a wurin, da rufinsu da labulensu, katanga ce mai motsi. Babu wanda ya yi hakan da mugun nufi, neman abinci ne, amma sakamakonsa kan mai fitowa ɗaya ne.

Abin da direba ke yi a irin wannan hali sananne ne ga duk mai tuƙi. Yakan saki birki kaɗan kaɗan, ya tura hancin motar gaba, ya jingina ƙirjinsa da sitiyari yana miƙa wuya. Matsalar ita ce tsakanin hancin mota da idonsa akwai fiye da mita 2, don haka kafin ya ga titin, titin ya riga ya ga motarsa. Mai babur da ke bin gefen titi, wanda motar da aka ajiye ta ɓoye shi, shi ne yakan fara cin karo da wannan hanci. Karon gefe kuwa ya fi muni, domin tsakanin fasinja da abin da ya buge shi ƙofa ce kawai, ba injin da zai shanye ƙarfin bugun. Hazon hunturu da rashin fitilun titi da dare suna ƙara dagula lamarin.

Wasu ƙasashe sun magance matsalar toshe bakin layi ta hanya mai araha. Dokar hanya ta Birtaniya ta gargaɗi direbobi da kada su ajiye mota cikin mita 10 daga mahaɗa. Garin Hoboken na jihar New Jersey ta Amurka ya kafa sanduna a kusurwoyin mahaɗunsa domin ajiye mota a wurin ya gagara, ya kuma rage iyakar gudu, kuma ya shafe shekaru bakwai a jere daga 2017 ba tare da mutum ko ɗaya ya mutu a haɗarin titi ba. Darasin sandunan shi ne fenti da allon gargaɗi ba sa hana mai bukata tsayawa, sai abin da ya tare wurin a zahiri.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da hukumomin jihohi irin su KAROTA, sun fi mayar da hankali kan halin direba da takardunsa, alhali bakin layi ya fi shiga hurumin masu tsara birane da ƙananan hukumomi masu ba da izinin rumfa da allon talla. Korar masu sana'a ba tare da ba su wani wuri ba takan ƙare ne da dawowarsu bayan mako guda. Abin da ya fi dacewa shi ne a matsar da rumfa da tashar a daidaita sahu 'yan mitoci gaba, zuwa hannun dama na bakin layin inda ciniki ba zai ragu ba, a ɗaga allon talla sama da kan mota, sannan a datse tsayin katangar gidan da ke bakin layi ko a karkatar da kusurwarta tun lokacin amincewa da taswirar gini.